Takun da Umma Ba Ta Yi Ba

Shafi na 19

Masu turo min saƙo cewa Soja ta cika zafin kai, na ji ku. Masu rantsuwa cewa Yaya Tela bawan Allah ne, ku ma na ji ku. Yau dai kowa ya gyara zama, don ni kaina da nake riƙe da alƙalamin ban san wanda zan ba gaskiya ba.

*

Ƙarfe goma da rabi Soja ta tsaya a ƙofar shagon yayanta, usur rataye a wuyanta, farin takalmin gudu a ƙafarta. Hutun rabin awa ta samu a makaranta, ta ce bari ta leƙo ta karɓi ragowar gajerun wandunan wasa na ɗalibanta da ta ba shi ɗinki. Ba ta faɗa masa za ta zo ba. Ita dama haka take, sai dai mutum ya ɗaga kai ya gan ta tsaye a kansa. Shi ya sa tun tana ƙarama gidan ya laƙaba mata Soja, sunan kuma ya bi ta har ta zama malamar motsa jiki.

Tela bai ji sallamarta ba. Kansa na sunkuye, ƙafarsa na kan feda, keken ɗinki na ta ƙara.

Wayarta ce ta motsa a aljihu.

Ta ciro ta duba. Saƙon da ta saba gani ne duk yamma in ta shiga ɗakin Umma, wato wayar ta haɗu da agogon ƙidaya taku. Lambar takun yau ta fito.

6,412.

6,413.

6,414.

Sai ta yi murmushi. Agogon nan ita ta ɗaura wa Umma da hannunta wata biyu da rabi da suka wuce, ranar da likita ya ce ciwon suga ya tsuke jijiyoyin ƙafarta, jini ba ya isa ƙasa yadda ya kamata. Ya ce maganin farko tafiya ce, kullum, babu fashi. In tafiyar ba ta yi amfani ba sai a yi aikin buɗe jijiya, in kuma aka yi sake ƙafar ce gaba ɗaya za ta tafi. Tun ranar Soja ta yanka wa Umma taku dubu takwas a rana, ta rataya kalanda a falo, kullum aka cika sai ta ja jan biro a kan ranar.

Agogon ba ya haɗuwa da wayar sai yana kusa. Ke nan Umma na wucewa ta nan.

Ta juya ta dubi layin. Mai gyaran takalmi na zaune a inuwarsa. Wata mata na shanya. Babu Umma a dama, babu ita a hagu.

6,427.

6,428.

Tela ya ɗago kai ya gan ta, ya sauke ƙafa daga feda.

"A'a, Soja, ke ce? Yau babu fareti ne?"

Lambar ta tsaya cak a 6,431.

Soja ta dubi wayar. Ta dubi yayanta. Murmushin da ke fuskarta ya tafi a hankali.

"Ci gaba da ɗinkinka, Yaya."

"Ai na kusa gamawa, saura huɗu kawai. Shigo ki zauna."

"Na ce ka ci gaba."

Ya ɗaga kafaɗa, ya mayar da ƙafa. Keke ya tashi.

6,432.

6,433.

"Tsaya."

Ya tsaya. Lambar ta tsaya.

"Ci gaba."

"Wai ke lafiyarki kuwa? Ni ɗalibinki ne da za ki riƙa min tsaya da ci gaba?"

"Ɗaga ƙafar wandonka."

Nan fa Tela ya sha jinin jikinsa. Ya dubi wayar da ke hannunta, ya dubi labulen da ya raba shagon biyu, ya ja ƙafarsa ƙarƙashin tebur.

"Ke, ni yayanki ne fa. Ki san irin maganar da za ki faɗa min."

Ba ta tsaya jin sauran ba. Ta durƙusa, ta kama ƙafar wandon ta ɗage da kanta.

Ga agogon Umma nan ɗaure a idon sawunsa. An ɗaure shi da koren ƙyalle, ragowar yadin wandunan ɗalibanta.

Ta kwance ƙyallen. Ta miƙe tsaye da agogon a tafin hannu, da ɗumin jikinsa da komai.

"Tun yaushe?"

"Ki rage murya."

"Tun yaushe, Yaya?"

"Na ce ki rage murya, mutane na wucewa."

"Su wuce. Su tsaya ma in sun ga dama, su ga telan da ke yi wa uwarsa tattaki yana zaune. Tun yaushe?"

Ya goge gumin goshinsa da bayan hannu.

"Tun kwana na goma."

Soja ta yi lissafi a ranta. Yau kwana saba'in da huɗu ke nan a kalanda. Jan maki saba'in da biyu ta ja da hannunta, layi-layi, tana kallonsu kullum tana jin daɗi. Ashe tara ne kawai na Umma. Sauran duka na keken ɗinki ne.

Ta yi wata dariya mai ciwo.

"Satin da na kawo maka wanduna sittin, Umma ta yi taku dubu ashirin da biyu a rana ɗaya."

Ya kawar da kai, ta ci gaba.

"Ka san abin da na yi ranar? Ofishin malamai na shiga ina nuna wa kowa waya. Na ce ku dubi tsohuwata, shekara sittin da uku, ta fi ku duka. Har tafi aka yi mata. Ashe kai aka tafa wa."

"Aiki ne ya yi yawa ranar, na manta ban kwance ba."

"Ka manta. Ranar da igiyar kekenka ta tsinke fa? Ranar ce Umma ta ce min zazzaɓi take, ba ta iya fita ba. Na dafa mata ruwan zafi, na zauna ina mata sannu. Ashe keke ne ba shi da lafiya."

"Kin gama?"

"Ban fara ba. Kai wane irin ɗa ne? Likita ya ce ƙafarta ce a kan layi, kai kuma ka ga abin wasa ne. Ka zauna ka shirya ƙarya, kullum sai ka ɗinka ta ka aiko min gida. Wallahi da wani ne ya yi min wannan a makaranta, da yau ya bar filina."

Tela ya miƙe. Mutum ne mai sanyi, shekara da shekaru ba a jin muryarsa a gidan, amma yau idonsa ya kaɗa ya yi ja.

"To nan ba filinki ba ne. Nan shagona ne. Kin yi tambayoyinki, saura nawa. Sau nawa kika taka da ita?"

"Me?"

"Cikin kwana saba'in da huɗun nan da kike ƙirgawa. Sau nawa kika sa takalmin nan naki kika ce Umma taso mu je?"

"Ina da aiki, ka sani."

"Ni zaman banza nake?"

"Ƙarfe bakwai nake shiga makaranta."

"Ƙarfe biyar da rabi kike fita gudunki. Awa guda cur. Ta ƙofar ɗakinta kike wucewa."

Soja ta juya agogon a tafin hannunta.

"Ba ki amsa ba. Sau nawa?"

"Gudu daban, tattaki daban. In na tsaya jiran takun Umma nawa tsarin ya rushe."

"Tsarinki." Ya gyaɗa kai. "Bari in gaya miki abin da tsarinki ya yi. Kwana na tara na fito sayen zare, na tarar da ita zaune a bakin kwalbati kusa da tankin ruwa. Ta riƙe sha-raɓarta da hannu biyu. Takalmi ɗaya ya fita, ba ta iya miƙa hannu ta ɗauko ba. Uwata, a bakin titi, tana kuka kamar yarinya, mutane na wucewa suna mata sannu."

"Likita ya ce za ta ji ciwo. Ya ce ciwon na cikin maganin."

"Na ɗauke ta na kai ta gida. Da yamma kika dawo. Ina nan zaune, da kunnena na ji. Kika duba waya kika ga dubu ɗaya da ɗari tara. Kin tuna abin da kika ce mata?"

Ta tuna. Ta kawar da kai.

"Cewa kika yi, Umma ai ko kazar gidan nan ta fi ki taku. Kika ja jan bironki, kika ce yau kawai za ki yi mata alfarma, gobe babu. Ba ta ci abinci ba ranar. Washegari ta zo nan ta miƙo min agogon."

"Sai ka karɓa."

"Na karɓa. Gobe ma in ta miƙo zan karɓa."

"Shi ya sa ba ka taɓa gama komai a rayuwarka ba, Yaya. Tausayi. Kullum tausayi. Jiki ba ya jin lallashi. Abu ɗaya yake ji, kullum, lokaci ɗaya, ko ana so ko ba a so. Shekara goma sha ɗaya ban fasa gudun safe ba, da ruwa da rana, da mura da komai. Kana ganin daɗi nake ji? Yi nake har ya zame min jiki. In ka ba mutum ƙofa rana ɗaya, ya bi ta ke nan har abada."

"Da zagaye nawa kika fara?"

"Ban gane ba."

"Shekara goma sha ɗayan nan da kike min gori da su. Ranar farko, zagaye nawa kika yi a filin bayan gida?"



"Ɗaya," ya ce. "Shi ma ba ki ƙarasa ba, kika zauna kina amai. Wa ke bin ki a kan keke da gorar ruwa? Wata biyu ina tashi da sassafe saboda ke, ina cewa saura kaɗan, saura kaɗan. Tausayin nan da kike zagi, shi ya yi ki."

Maganar ta shige ta sosai. Abin haushin, gaskiya ce, kuma ta manta da ita sarai. In tana ba ɗalibai labarin yadda ta fara, babu keke a ciki, babu gora, babu Yaya.

Bai ƙyale ta ba.

"Sabbin ɗalibanki fa? Na gan ki a filin. Rabin zagaye kike fara musu, kina gudu a gefensu kina kiran sunansu. 'Ya'yan mutane rabin zagaye, uwarki dubu takwas. Likita ne ya ce dubu takwas?"

"Likita ya ce kullum."

"Ba shi na tambaye ki ba. Ina wurin. Cewa ya yi ta yi tafiya har ciwon ya zo, ta huta, ta sake tashi, rabin awa. Dubu takwas ɗin daga ina?"

"Daga ni. Don na san abin da nake yi."

"To ga shi nan kin gani."

Ran Soja ya gama ɓaci. Ta ji in ba ta mayar masa ba za ta fashe. Kuma tana da abin mayarwar, abin da tun da ta ga koren ƙyallen nan yake cin cikinta, take ta danne shi.

"Kai ma za ka gani yanzu. Ka san an sa wa Umma ranar aiki?"

"Na sani. Wata mai zuwa."

"Ba wata mai zuwa ba. Talatar da ta wuce."

Ya dube ta.

"Kwana goma sha biyu da suka wuce aka kira mu ganin likita. Umma ta ce kanta na ciwo, in je ni kaɗai da katinta. Na je. Na ajiye masa wayar nan a kan tebur, ina fara'a. Ya bi lambobin ɗaya bayan ɗaya. Dubu tara, dubu goma, dubu ashirin da biyu. Ya tambaye ni, tana kukan ciwo? Na ce ko sau ɗaya. Ya ce mai yin wannan tafiyar ba ta buƙatar wuƙa yanzu, ga masu jira da yawa. Ya cire sunanta, ya sa wani."

"Ya cire?"

"Ya ce mu dawo bayan wata uku. Ni na sa hannu."

Tela ya nemi kujerarsa ya zauna.

"Ba ki faɗa min ba."

"Na so in yi muku albishir ne ranar da muka cika kwana casa'in. Takunka ne ya cire ta daga layi, Yaya. Kai da kekenka."

"Da bakinki," ya ce a hankali. "Ko sau ɗaya, kika ce masa. Kin tambaye ta ne?"

Kafin ta amsa, wata murya ta fito daga bayan labule.

"Ba ta tambaya ba."

Dukansu suka juya.

Soja ta taka ta yaye labulen. Bayan shagon ɗan lungu ne, inda Tela ke tara yadi da kayan da aka gama. An shimfiɗa bargo a kan dogon benci, an sa filo. Umma ce zaune a kai, ɗankwalinta ya zame, alamar barci a fuskarta. Ƙafarta ta hagu na lilo a ƙasa. Duk zafin da ake yi, safa ce mai kauri a ƙafafunta.

"Umma."

"Na'am, Soja."

Duk gidan na kiranta Soja, ban da Umma. Auta take ce mata, tun tana goye. Yau ne karo na farko.

"Nan kike wuni?"

"Nan nake barci. Ya ɗauko ni a kan kwanar layinmu da babur ɗinsa, ya mayar da ni kan kwana kafin ki dawo. Daga gida zuwa kwana taku ɗari biyu ne da 'yan kai. In kina son lambar gaskiya, ga ta nan, je ki ja mata jan biro."

"Umma, me ya sa?"

"Kada ki ƙara ɗaga masa murya. Ni na ɗaura masa agogon, da hannuna. Ya ce Umma ba kyau, na ce in bai karɓa ba ban yafe ba."

"Lafiyarki nake nema."

"Lambarki kike nema. Kullum kika shigo ɗakina, hannu kike miƙa wa agogo kafin ki gaishe ni. Ki duba waya, ki ce madalla, ki fita. Wata biyu da rabi. Ko sau ɗaya kin ce Umma ya ƙafar?"

"Da kin faɗa min tana ciwo."

"Na faɗa. Kwana tara ina faɗa. Kika ce ciwo na cikin magani. Kika ce uzuri ne. Kika haɗa ni da kaza." Muryar Umma ba ta tashi ba, kuma hakan ya fi tsawa zafi. "Na haifi 'ya, na wayi gari da mai duba aiki a gidana. Ni da na goya ki har sai da bayana ya ƙage, yau ni ce nake laɓewa a bayan labule saboda tsoron ki."

Hawaye ya cika idon Soja, amma ta ƙi bari ya zubo. Taurin kan nan dai, ko a gaban uwa.

"To ai ga sakamakon laɓewar. Kin ji an cire sunanki."

"Na ji. Alhamdu lillahi."

"Alhamdu lillahi kuma?"

"Dama ni ba son aikin nake ba. A kwantar da ni a yanka ni da girmana? Allah ya hutar da ni. Kuma ma na samu sauƙi."

"Wane sauƙi, Umma? Mutumin da ba ya iya wuce kan kwana?"

"Jikina ne ko naki? Na ce na samu sauƙi."

Tela ya matso bakin labulen.

"Umma, ba ke kika ce min ba kya barci a gida ba? Kika ce in kin miƙe ƙafar a kan gado kamar ana hura mata wuta, sai kin sauke ta ƙasa?"

"Da ke nan."

"Satin da ya wuce fa kika faɗa min."

"Na ce da ke nan. Ku ƙyale ni haka, ku biyun. Kowa ya samu bakin magana a kaina."

Soja ba ta ji ƙarshen maganar ba. Idonta na kan safar.

Wani abu ne ya dawo mata. Ranar farko a asibiti, bayan Tela ya fita da Umma, likita ya tsayar da Soja a bakin ƙofa. Ya ce ke ce mai kula da ita, to ki riƙa duba yatsun nan kullum da idonki. Ciwo ba shi ne abin tsoro ba. Ranar da kika ga launi ya sauya, ko ciwon ya ɗauke haka kawai, kada ki jira komai, ki kawo ta a ranar. Soja ba ta faɗa wa Umma ba, don kada ta tsorata ta ƙi tafiya. Ba ta faɗa wa Tela ba, don ta san bakinsa ba ya riƙe magana in Umma ta matsa masa. Ta duba yatsun sati ɗaya. Da lambobi suka fara kyau, sai ta bari.

"Yaya, tun yaushe take sa safa?"

"Sati biyu, ko fiye. Ta ce sanyi take ji a ƙafar."

"A wannan zafin?"

"Har maɗaurin takalminta ta ba ni na sassauta mata. Na hagun."

Soja ta juya ga Umma.

"Ranar ganin likita ba kanki ke ciwo ba."

Umma ta kawar da fuska.

"Kin san in kin je zai ce ki cire safa."

"Ki koma makarantarki, an kusa kaɗa ƙararrawa."

Soja ta ajiye agogon a kan tulin yadi. Ta cire usur daga wuyanta ta ajiye kusa da shi. Ta durƙusa a gaban bencin.

"Umma, ba ni ƙafar."

"Ba zan bayar ba."

"Don Allah."

"Yau kuma kin san don Allah? Tashi ki ba ni wuri."

Ta miƙa hannu. Umma ta buge hannun, ta ja ƙafar ƙarƙashin benci. Soja ta sake miƙawa, aka sake bugewa, wannan karon da ƙarfi har sai da ya yi ƙara.

Umma ta dubi Tela. "Kai, ka tsaya kana kallo? Fitar min da ita."

Tela bai motsa ba. Tun da yake bai taɓa musa wa Umma ba, shi ya sa ma aka zo inda aka zo. Ya dubi ƙanwarsa a durƙushe, ya ga fuskarta ba ta faɗa ba ce yanzu, tsoro ne tsagwaronsa. Sai ya durƙusa a gefenta.

"Umma, ki bari a gani."

"Har da kai?"

"Har da ni. Na yi miki wancan, wannan ba zan yi ba."

Umma ta dube su ɗaya bayan ɗaya. Can ta saki jiki, ta jingina da bango, ta rufe ido.

Soja ta ɗauko ƙafar ta ɗora a cinyarta. Ta cikin safar ma ta ji sanyinta, kamar an ciro ta daga randa. Ta fara naɗe safar daga sama. Ta wuce idon sawu. Ta wuce diddige. Fatar na sheƙi, babu jini a cikinta. Da ta zo kan yatsu safar ta ƙi fita, ta manne.

Wani wari ya taso.

"Yaya, almakashi."

Ya miƙo mata. Ta yanka safar a hankali ta gefe, ta buɗe.

Tela ya yi salati, ya dafe kai.

Ƙaramin yatsan da na kusa da shi sun yi baƙi ƙirin, sun motse. Baƙin ya fara hawowa gefen ƙafar.

Soja ta sunkuya a kan ƙafar. Ta sa ɗan yatsanta ta taɓa wurin, sannan ta danna. Ta ƙara dannawa da ƙarfi, tana kallon fuskar uwarta, tana roƙon Allah a ranta ta ga ta yamutsa fuska, ta yi ƙara, ta sake buge mata hannu.

Umma ko gezau.

"Umma, kina jin hannuna?"

Umma ta buɗe ido. Ta dubi 'yarta, kuma a karo na farko tun da aka yaye labulen, fuskarta ta ɗan saki.

"Ai shi nake ta gaya muku kun ƙi saurara, Auta. Na samu sauƙi. Tun shekaranjiya ya daina ciwo gaba ɗaya."